Dattijo Ya Rubuta Littafi, Wa Zai Kai Shi Kasuwa?

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya ta gidan wani tsohon mushena domin in gaishe shi, kamar yadda na saba. Dattijon nan fiye da shekara talatin ya yi yana riƙe da alli. Ya fara ne a lakwal ɗin makiyaya cikin duwatsun Abzin a shekarar babban fari na 1973, inda aji bukkar tabarma ce, ya ƙare yana darektan lakwal a nan cikin garin Agadas, inda ni da ƴan uwana muka sha bulalarsa, muka kuma sha albarkarsa. Bayan mun gama gaisawa, an zuba shayi na farko, sai ya sunkuya ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, ya kaɗe ƙura, ya miƙo mini littafi sabo ful mai ɗauke da sunansa da hotonsa yana saurayi. Na yi murna har na miƙe tsaye. Da na leƙa ƙarƙashin gadon kuwa sai murnata ta koma ciki, domin kwalaye huɗu na gani a jere, ba a ko yanke igiyar uku daga ciki ba.

Na ce, "Mushe, yaushe ya fito?" Ya ce an kusa shekara biyu. Na ce, to, me ya sa ba mu ji ba? Sai ya gyara rawaninsa ya ce, "Ɗana, ni malami ne. Na rubuta, na biya an buga. Kana so kuma in ɗora shi a kai in bi kasuwa ina talla kamar mai goro?"

Tun ranar nake juya maganar nan a zuciyata, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne: i, Mushe, haka nake so. Ba lalle a ɗora a kai ba, amma dai a yi tallar. Zan faɗi dalilaina, ko da za a ce yaro ya yi wa babba rashin kunya a jarida.

Da farko mu duba abin da ke cikin kwalayen. Wannan birni da muke alfahari da shi, wanda hukumar UNESCO ta sa tsohon garinsa cikin kayan gadon duniya a 2013, wa ya rubuta labarinsa? Duk baƙon da ya zo sai mun kai shi gidan da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a watan Oktoba na 1850. Mutumin nan bai kai wata guda a garin ba, amma abin da ya rubuta shi ne har yau ake jawowa in ana gardama kan Agadas ta wancan zamani. Abin da ya fi ba ni tsoro a cikin labarinsa shi ne batun harshe. Barth ya tarar da mutanen garin suna magana da wani harshe nasu na kansu, dangin Zabarmanci da Tasawak ta Ingal. Yau babu mai jin sa ko mutum ɗaya, Hausa ta maye gurbinsa, kuma jerin kalmomin da baƙon nan ya tattara su ne kusan iyakar abin da ya rage mana. Harshe guda na birni guda ya ɓace a hannun kakanninmu, ba da yaƙi ba, ba da annoba ba, sai don ba a rubuta ba. Tarihin sarakunan Abzin da malaman fada suka ajiye da Larabci, sai da wani hafsan Faransa, Yves Urvoy, ya fassara shi ya buga a 1934 kafin ƴan boko su san da shi. Allah ya saka wa Farfesa Jibo Hamani da alheri, shi da ya fitar da babban littafinsa kan sarautar Abzin a 1989, ya nuna ɗan ƙasa ma zai iya. Amma aikinsa kan ƙarnonin baya ne. Shekaru hamsin ɗin nan da suka wuce fa?

Shekarun nan suna cikin kawunan ƴan ritaya. Malamin da ya ga yara suna barin aji ɗaya bayan ɗaya a farin 1973 da na 1984 saboda dabbobin iyayensu sun ƙare. Malamin asibitin da ya yi aiki a ƙauye lokacin tawayen da ya tashi bayan abin da ya faru a Cintabaradan a 1990, yana ɗinke soja da safe, yana ɗinke ɗan tawaye da dare, har aka sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995. Ma'aikatan COMINAK da suka shekara arba'in suna shiga ƙarƙashin ƙasa a Akokan tun daga 1978 har aka rufe ramin ranar 31 ga Maris na 2021, ma'aikata wajen 600 suka tashi ba aiki. Direbobin hanyar Dirku da Libiya da dokar 2015 ta mai da su masu laifi dare ɗaya, sannan aka soke dokar a 2023. Madugan ayarin gishiri na Bilma da Fashi da mota ta kusa ƙwace wa sana'a. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana riƙe da wani yanki na labarin ƙasar nan wanda ba ya cikin kowace takardar gwamnati. Mu da aka haifa a wajajen Taron Ƙasa na 1991, abin da muka sani game da waɗannan al'amura ji-ta-ji-ta ce da waƙoƙin gita. To, in an samu ɗaya daga cikinsu ya daure ya zauna ya rubuta, sannan littafin ya kwanta ƙarƙashin gado yana jiran gara, ina bambancinsa da wanda bai rubuta ba?

Ba a rasa manyan da suka rubuta bayan sun ajiye aiki ba. Jibo Bakari na Sawaba yana da shekara 70 lokacin da littafin gwagwarmayarsa, "Silence ! On décolonise", ya fito a Faris a 1992. Kanar Adamu Mumuni Jarmakwai ya fitar da nasa kan juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974 a shekarar 2005. Amma waɗannan sunansu kaɗai talla ne. Suna da jam'iyya, suna da magoya baya, suna da abokan gaba, abokin gaba kuwa ya fi kowa saurin sayen littafinka domin ya ga me ka ce a kansa. Tsohon darektan lakwal ba shi da ko ɗaya. Abin da yake da shi takardar fansho ce da mutuncinsa, kuma mutuncin nan shi ne ya ɗaure masa ƙafa.

Mu faɗi gaskiya, mu da muka yi boko da Faransanci an cusa mana wani girman kai game da kasuwa. An koya mana cewa ma'aikaci yana sa hannu ne, ba ya ciniki. Wanda ya shekara talatin mutane suna tsayuwa in ya shigo, da wuya ya iya buɗe baki ya ce wa tsohon ɗalibinsa, "Ga littafina, jika uku ne." Ga kunya ta Bahaushe da ke cewa yabon kai jahilci ne, ga ashak na Abzinawa da ke hana babban mutum nuna buƙata. Duk na san su, a cikinsu na tashi. Amma abin mamaki, wannan dattijon da ke jin nauyin sayar wa mai karatu littafi a kan jika uku, ba ya jin nauyin bin hanyoyi biyu da suka fi wannan zubar da girma nesa ba kusa ba.

Hanya ta farko ita ce ta Faris. Burin kowane ɗan boko shi ne a ga sunan wani gidan buga littattafai na Faransa a bangon littafinsa. Sai a aika da rubutun, a buga ƴan kaɗan, a sa masa kuɗi yuro 20. Ya kai mai karatu, yi lissafi da kanka: yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ke nan littafin ya haura jika 13 tun bai hau jirgi ba. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi jika 42 ne tun daga Janairun 2024, wa zai ba da kusan sulusin albashinsa don ya karanta labarin lakwal ɗin makiyaya? Littafin zai shiga ɗakunan karatu na jami'o'in Turai, wani ɗalibi Bature ya ɗauko shi ya yi digiri da shi, ƴaƴan waɗanda aka ba da labarinsu kuwa ba su ko taɓa ganin bangonsa ba. Mun sake komawa gidan Barth ke nan, sai dai wannan karon da hannunmu muka kai kayan.

Hanya ta biyu ita ce ta bikin ƙaddamarwa, kuma a kanta nake so in daɗe, domin ita ce ta fi ɓarna. Kowa ya san yadda ake yi. A kama zaure, a jera kujeru, a gayyaci babban baƙo da uban biki da uwar biki. A yi jawabi bakwai, ba ɗaya daga cikin masu jawabin da ya wuce shafi na uku. Sai mai sanarwa ya ɗaga murya: Alhaji wane ya sayi ɗaya a kan jika ɗari biyar, mai girma wane ya yi alkawarin ɗaukar guda ɗari domin lakwal-lakwal. A yi tafi, a sha lemo, a watse. Bayan wata uku marubucin yana zarya a ƙofar buro yana bin alkawari, mai gadi yana ce masa mai gida ya tafi Yamai. Wannan shi ne mutuncin da ake tsarewa?

Ba ma asarar kuɗin ce ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da bikin yake yi wa littafin tun kafin a rubuta shi. Mutumin da ya san cewa manya ne za su biya, tun yana kan tebur alƙalaminsa ke kaucewa. In ya zo shafin da ya kamata ya faɗi wanda ya karkatar da hatsin agaji a shekarar fari, sai ya tuna ɗan mutumin ne zai zauna a kujerar uban biki. In ya zo kan yadda aka kama malamai ƴan uwansa ba laifin tsaye ba na zaune a shekarun tawaye, sai ya rubuta cewa "an shiga wani hali mai wuya," ya wuce. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa da yawa daga littattafan ƴan ritayarmu, in ka karanta, sai ka ga kamar takardar canjin wurin aiki: an tura ni can a shekara kaza, na yi aiki da mai girma wane, mutumin kirki ne, daga nan aka mai da ni can. Ba mai laifi, ba mai kuskure, ƙasa ta lalace ita kaɗai. Wanda kuwa ya dogara da mutum ɗari uku da kowannensu zai ciro jika uku daga aljihunsa, dole ya ba su abin da ya kai jika uku, abin da ya kai kuwa gaskiya ce. A nan ne talla ta zama maganar siyasa, domin ƴancin marubuci yana hannun wanda ya biya.

Wani zai ce ai Agadas ba ta san tallar littafi ba. Ta sani. Ko me mutum zai ce game da siyasar Mano Dayak, wanda filin jirginmu ke ɗauke da sunansa, ba wanda zai ce bai iya kai magana inda yake so ta je ba. Lokacin da ya fitar da "Touareg, la tragédie" a 1992, ya san sarai su wa yake so su karanta, wato Faransawa, kuma ya bi su har gida da ƴan jaridarsu da abokan da ya tara a sana'ar yawon buɗe ido. Mutum ne da ya koyi ciniki kafin ya koyi rubuta littafi. Darasin da ke ciki ɗaya ne: ka san mai karatunka, ka je inda yake. Nasa yana Faris. Na Mushe yana Arlit da Cirozerin da Ingal da Tudu, yana kuma cikin ƴan Agadas da ke zaune a Yamai da Tamanrasat da Sabha suna kewar gida.

In ana son a ga yadda ake yi da Hausa kuwa, sai a dubi Kano. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, lokacin da manyan kamfanonin buga littafi na Najeriya suka durƙushe, wasu matasa da matan aure da ba su da digiri suka fara buga nasu da kuɗinsu. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai "In Da So Da Ƙauna", da abokansu na ƙungiyar Raina Kama, ba su jira uban biki ba. Sun buga a takarda mai araha, sun raba labari kashi-kashi domin kuɗin kowane kashi ya yi sauƙi, sun kai wa ƴan kasuwa da hannunsu, an karanta littattafan a rediyo, har aka samu masu ba da hayarsu. Malaman jami'a sun yi ta yi musu dariya suna kiran abin adabin kasuwa. To, adabin kasuwar nan ya ƙetare iyaka ya zo har ɗakunan iyayenmu mata a nan Agadas, kilomita ɗaruruwa daga Kano, ba da taimakon minista ko ɗaya ba. Ni kaina a cikin irin waɗannan littattafai na koyi karanta Hausa, a ɓoye, domin a lakwal laifi ne a ji ka kana yin ta.

Wannan ya kawo mu ga harshe da kunne. Manyan da suka iya karatu a Nijar ba su kai rabin jama'a ba, waɗanda za su iya zama su cinye shafi 200 na Faransanci kuwa sun fi haka ƙaranci ƙwarai. Amma kowa yana da kunne. Labarin Sarauniyar Lugu da Abdullahi Mamani ya rubuta a 1980, mutum nawa suka karanta shi, mutum nawa kuma suka san shi ta fim ɗin Med Hondo na 1986? A garin nan muna da gidajen rediyo irin su Nomade da Sahara, kuma babu gidan da ba a sauraren saƙon murya a WhatsApp. Dattijon da ya shekara talatin yana riƙe hankalin yara sittin a aji guda, ba zai kasa riƙe hankalin masu saurare na minti goma sha biyar ba, in ya zauna ya ba da babi ɗaya da bakinsa, da Hausa ko da Tamajak, ya tsaya daidai inda labarin ya yi daɗi. Wanda ya ji, in bai iya karatu ba, zai saya wa ɗansa ya karanta masa. Kuma tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, ya kamata a tambaya: ina littattafan? Harshe ba ya zama na ƙasa da sa hannu kaɗai. Gidajen buga littafi irin su Gashingo a Yamai sun daɗe suna fitar da littattafai cikin harsunanmu, ƙofar ba a rufe take ba.

Yanzu gare ku, ƴan kasuwa, domin na san kun fi ma'aikata sayen jaridar nan, ko da yake su suka fi ku aron ta. Ma'aikaci yana da labari, ku kuke da hanya. Mutumin da ya iya kai buhun albasar Tabelot har Abijan, ya dawo da kuɗinsa cif, ba kwalin littafi ne zai gagare shi ba. Motocin Rimbo da ƴan uwansu suna ɗaukar saƙo kullum, Nita da Al Izza suna kawo kuɗi cikin minti kaɗan. Masu shimfiɗa littattafan addini a ƙofar masallatai sun fi ƙarni suna sayar da takarda a ƙasar nan ba tare da wani biki ba. Ba sadaka nake roƙa muku ba, sadakar ce ma ta kashe mu. Cewa nake ku karɓi guda goma ku ajiye kusa da sukari da ganyen shayi, ku cire la'adarku kamar yadda kuke cirewa a kowace haja, in bai tafi ba ku mayar. In kuma kun karanta kun ga ba daɗi, ku faɗa wa mai shi, domin ɗan kasuwa ba ya yabon kayan da ba ya tafiya, wannan kuwa wata makaranta ce da ma'aikaci bai taɓa shiga ba.

Akwai abin da zan yarda da masu suka a kansa. Ba kowane tsoho ne marubuci ba, kuma furfura ba ta gyara jimla. Wanda ya saba jan jar biro a kan kayen yara, da wuya ya yarda wani ya ja a kan nasa, alhali babu littafin kirki da bai bi ta hannun mai gyara ba. Akwai kuma tsoro na gaskiya, cewa in kowa ya buɗe baki kan shekarun tawaye za a fama tsofaffin raunuka a garin da Bahaushe da Ba'abzine da Balarabe da Batube da Bafillace ke cin kasuwa ɗaya. Ban raina wannan tsoro ba. Sai dai ni a ganina raunin da aka rufe da ƙura bai warke ba, kuma gara yaranmu su ji labarin daga bakin wanda ya gani, ya sa sunansa a bango, ana iya zuwa gidansa a ƙaryata shi, da su ji shi daga wata murya marar suna a cikin waya.

Littafin Mushe na karanta shi cikin dare biyu. Kashi na farko, kan shekarunsa a cikin duwatsu, ya sa ni hawaye, musamman inda ya ba da labarin yadda ya riƙa raba abincin lakwal da iyayen yara a ɓoye, yana cika rajista da sunayen ɗaliban da suka riga suka tafi domin kada a rage musu buhu. Kashi na biyu kuwa, bayan ya zama darekta, takardar canjin wurin aiki ce irin wadda na faɗa. Da na koma na gaya masa haka, ya yi shiru har shayi ya huce, sannan ya ce, "Ashe ka iya karatu." Ya ƙi zuwa rediyo. Amma ya yarda jikarsa ta ɗauki muryarsa a waya yana ba da labarin rajistar nan da Hausa, ya kuma yarda na ɗauki guda goma na kai wa wani mai kanti a kasuwa, tsohon ɗalibinsa, wanda ya ce zai karɓa amma a jika biyu da rabi, kuma ɗari biyar nasa ne. Mushe ya ce yaron nan tun yana aji uku ɓarawo ne a lissafi. An dai yanke igiyar kwali na biyu.